Ashe Su Ma Dillalai Ne

Ranar da na gaya wa Baba an ɗauke ni a Sashen Koyon Aikin Jarida na Jami'ar Legas, yana zaune a kan buzunsa bayan la'asar. Ya ajiye carbi ya ce, "Alhamdu lillahi. To yaushe za mu fara jin muryarka a akwati?" Har gobe akwati yake ce wa rediyo. Wata 'yar baƙa ce mai eriya, an ɗaure bayanta da roba saboda murfin batir ya ɓace tun ina firamare. Da muryarta na tashi a gidanmu na Agege. Ƙarfe shida da rabi na safe a kama Landan, daga nan a murɗa zuwa Jamus ko Amurka. Ranar da motar albasa za ta iso Mile 12 da asuba kuwa, a aljihun babbar riga take tafiya kasuwa.

Ni ma abin da na zata ke nan, makirfo da kyamara da situdiyo. Akwai su, kuma muna taɓawa. Amma abin da ya kama ni ya ƙi saki wani kwas ne da muka yi a aji biyu, na ra'o'in sadarwa, wato bayanan masana kan yadda labari ke tafiya tsakanin mutane, wanda yawancin 'yan ajinmu ke ɗauka a matsayin hadda: ka riƙe sunan Bature da shekara, ka zuba a jarrabawa, ka huta. Yanzu ina aji uku, kuma kusan kullum a cikin jirgin ƙasan da ke ɗauko ni daga Agege zuwa Yaba, kafin in hau motar Akoka, littattafan wannan kwas ɗin nake buɗewa.

Malamar da ta koyar da mu ta fara ne da tambayoyi biyar na Harold Lasswell na 1948: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace kafa, wa ya gaya wa, me ya biyo baya. Na rubuta, ban ji komai a raina ba. Sai a mako na uku da ta kawo maganar mai tsaron ƙofa.

Asalin maganar ma daga abinci ta fito. Kurt Lewin, a shekarun yaƙin duniya na biyu, yana son ya gano yadda abinci ke isa kan teburin iyali a Amurka, sai ya lura cewa kafin loma ta kai baki akwai ƙofofin da take bi, kuma kowace ƙofa da mai tsaronta, galibi uwar gida ce da ke cefane. Daga baya David Manning White ya ɗauko wannan tunani ya kai shi ɗakin labarai. Ya sami wani editan jarida a wani gari na tsakiyar Amurka, wanda aikinsa shi ne zaɓar labaran da kamfanonin dillancin labarai ke turowa ta waya. Ya roƙe shi alfarma ɗaya: na tsawon mako guda a watan Fabrairun 1949, duk labarin da ya ƙi sakawa kada ya jefar, ya ajiye, ya rubuta dalili a jiki. Da aka tattara, sai ga shi kashi ɗaya cikin goma kawai na abin da ya shigo ya fita a jarida. Dalilan kuwa, a kan wani labarin ya rubuta babu fili, a kan wani ya ce farfaganda ce, a kan wani ya ce ya yi ƙamshin kwaminisanci da yawa. A 1950 aka buga binciken.

Tana cikin bayani ni kuma hankalina ya tafi rumfar Baba. Idan an sauke buhu aka farke bakinsa, ba haka nan ake zubewa a tire ba. Manya masu sheƙi su ne a sama, matsakaita a tsakiya, wadda ta fara tsiro ko ta yi laushi a ware ta gefe don masu abincin sayarwa. Mai saye yana ganin albasa, kuma albasar gaske ce, ba wanda ya yi masa ƙarya. Amma bai ga buhun ba.

Da daddare na ba Baba labarin editan nan. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ashe su ma dillalai ne." Ya ƙara da cewa dillali ba ɓarawo ba ne, amma wanda bai san da dillali yake ciniki ba shi ake ƙwara.

Daga nan muka shiga abin da McCombs da Shaw suka yi a garin Chapel Hill lokacin zaɓen shugaban Amurka na 1968. Mutum 100 suka tambaya, waɗanda ba su riga sun tsai da wanda za su zaɓa ba, wace matsala ce ta fi damun ƙasa. Da suka gwada amsoshin da abin da jaridu da talabijin suka fi yawan kawowa a lokacin, sai jerin biyu suka zo kusan daidai. Abin da suka fitar a 1972 shi ne, kafar labarai ba lallai ta iya juya maka ra'ayi ba, amma ita ke ajiye maka abin da za ka yi ra'ayin a kansa. Wannan ban sha wahalar gane shi ba, domin na gani da idona. Shekara da shekaru motoci na shigowa Legas daga Sakkwato da Kabi da Kano da Filato, ɗauke da albasa da tumatir da attaruhu da dankali, ba wanda ya ɗauki hakan labari. Amma a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu, kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo, sai ga su Baba a shafin farko kusan mako guda. Da aka janye yajin a farkon Maris, aka sake mantawa da su.

Aikin rukuni da aka ba mu shi ya fi komai tsaya mini a rai. Mu huɗu ne: ni, da wata Bayarabiya 'yar Mushin, da wani Ibo daga Ajegunle, da wata 'yar Edo. Aka ce mu zaɓi wani abu da ya faru, mu bi yadda jaridu biyu suka kawo shi, da ma'aunin Robert Entman na 1993. Shi cewa ya yi, yi wa labari firam shi ne ka tsamo wasu ɓangarori na abin da ya faru ka haska su, ta yadda mai karatu zai ɗauka ga matsalar, ga wanda ya jawo ta, ga hukuncin da ya dace da shi, ga kuma magani. Kamar mai hoto a gidan biki ne, inda ya juya kyamara nan ne bikin ga wanda bai halarta ba.

Ni na kawo shawarar mu ɗauki rikicin Mile 12 na farkon Maris ɗin 2016, wanda rahotanni suka ce daga rigima a kan ɗan acaba ya faro, aka yi asarar rayuka da dukiya, har Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar kusan mako biyu. Ina ƙaramin ɗan sakandare a lokacin. Abin da na riƙe shi ne Inna a tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu tana ta kira ba ya shiga, da warin albasar da ta ruɓe wanda Baba ya shigo da shi a tufafinsa ranar da aka buɗe kasuwa.

Muka yi kwanaki a laburare muna juya tsofaffin shafuka. Abu na farko da ya fito mana shi ne su wa ake jin muryarsu. Kakakin 'yan sanda, kwamishina, shugaban wata ƙungiya, sai "wani ganau da ya nemi a sakaya sunansa". Mai rumfar da kayansa suka ƙone, ko ɗan dakon da ya kwana a ƙarƙashin tirela, da wuya ka ji ta bakinsa. Abu na biyu kalmar "Hausa" ce a kanun labari. A Legas duk wanda ya fito daga ƙetaren Kwara Bahaushe ne, ko Babarbare ne, ko Bazabarme, ko Banufe, ko ma daga Maraɗi ya zo. A titi kuma sunanmu aboki. Kalma ce tamu, mai daɗi, amma a bakin wasu ta koma sunan mai gadi da mai wankin takalmi da duk wanda ake ganin bai waye ba. Idan rigimar mutum biyu a kan hanya ta shiga kanun labari da sunan ƙabila biyu, to an riga an gaya wa mai shayi a Obalende da mai facin taya a Idi-Araba cewa su ma suna ciki.

Na shiga aikin nan da zafi, ina neman shaidar ƙiyayya. Abokiyar aikina 'yar Mushin ce ta sa na rage gudu. Yayanta ya taɓa aikin jarida, ta san yadda ɗakin labarai yake da yamma. Ta ce in duba: wakilin da aka tura ba ya jin Hausa, mai rumfa kuma Turancinsa na ciniki ne, ga dokar hana fita, ga edita na jiran labari kafin a kai shafi injin bugawa. Lambar wa ke cikin wayarsa? Ta kakakin 'yan sanda. Shi zai kira. Na ƙi yarda da farko, amma da muka koma kan shafukan sai na ga inda duk wakili ya samu ya shiga cikin kasuwa ya zauna da mutane, labarin yakan fito da wata kama dabam. Ban ce babu mai ƙiyayya ba. Amma yawancin abin da ke ɓata mana rai a jaridun Ikko daga rashin harshe ne da ƙurewar lokaci da kuma inda gidajen jaridun suke. Tun daga Iwe Irohin da aka fara a Abeokuta a 1859, da Daily Times a 1926, da West African Pilot ta Azikiwe a 1937, cibiyar jaridar ƙasar nan a wannan yankin take, kuma kowa da idon garinsu yake kallon duniya.

Muka gabatar a gaban aji, aka tafa. Ina tattara takardu sai Malama ta kira ni gefe. Ta ce, "Kun duba abin da jarida ta gaya wa mutanen Legas. Kai kuma a gidanku, a wannan makon, me aka gaya muku? Wa ya gaya muku? Ka kawo mini wannan."

Na 2016 ya ɓace, an canza wayoyi. Amma na Shasha yana nan a wayar Kawu, domin shi ba ya goge komai. Na roƙe shi, ya ba ni, na zauna a soro na yi ta ja baya a zauren WhatsApp na 'yan unguwa har na kai Fabrairun 2021. Saƙonnin murya ne birjik, an tura, an sake turawa, ba a san mafarinsu ba. Wani yana kuka yana cewa an gama da mutanenmu. Wani yana lissafa adadin da ba wanda ya ƙirga. Hotunan gawarwaki da babu mai iya cewa ga garin da aka ɗauka ko ga shekarar. Kuma a duk cikinsu kalma ɗaya ce ke yawo, "Yarbawa", dunƙule, kamar yadda "Hausa" ke yawo a can. Na sa ma'aunin Entman ɗin nan dai a kansu, ya zauna daram: ga matsala, ga mai laifi, ga hukunci, ga magani, maganin kuwa wani lokaci abin tsoro ne.

Abin da ya fi ci mini rai wani labari ne da na sani tun ina yaro. A rikicin 2016, yaron rumfar Baba, wani ɗan Goronyo da bai fi wata uku da zuwa ba, wata Iya mai sayen albasa a wurin Baba shekara da shekaru ita ta ja shi cikin shagonta, ta rufe, ta zauna a bakin ƙofa har gari ya lafa. Baba yakan ba da labarin a gida, kuma duk sallah sai an kai mata nama. Amma irin wannan labarin ban ga ko ɗaya a wayar Kawu ba. Ba ya tafiya. Ba wanda ke danna masa "tura". Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ni a kan nawa nake tsaye lokacin da ake tafa mini a aji.

Kawu kansa darasi ne. Akwai binciken da Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi a gundumar Erie ta jihar Ohio a zaɓen 1940, inda suka yi ta komawa wurin mutum 600 wata bayan wata. Sun je neman tasirin rediyo da jarida, sai suka tarar mutane sun fi ambaton wani mutum da suka sani. Labari yakan yi zango biyu: ya sauka a wurin wasu 'yan ƙalilan masu bibiya, su kuma su raba wa na kusa da su. A teburin mai shayin da ke kusa da layin dogo a unguwarmu, Kawu ne zangon farko. Ya yi sakandare, yana karanta Turanci, wayarsa ce mai babban gilashi. Bayan isha'i sai a ce, "Alhaji, yau me ake ciki?" Na zauna a gefensa wani dare ina kallon babban yatsansa. Ya wuce labari, ya wuce wani, ya tsaya a na uku ya fassara, ya ƙara masa gishiri kaɗan, mutum goma sha suka tashi da shi zuwa gidajensu. Kawu mutumin kirki ne, ba ya nufin kowa da sharri, kuma bai taɓa ɗaukar kansa edita ba.

Sai dai akwai inda nake tsayawa in yi musu a aji, kuma ba na jin kunyar yi. Wasu 'yan ajinmu suna ganin ɗan Arewa mai rediyo a kunne kamar tulu ne, abin da aka zuba shi zai riƙe. Wannan shi ne tsohon ra'in allura, wanda masana suka daɗe da ajiyewa, amma idan aka zo kanmu sai a zaro shi. Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya yi aiki a Birmingham, ya rubuta a 1973 cewa mai aika saƙo yana ƙulla shi da ma'anar da yake so, amma mai karɓa shi ke kwancewa, kuma yana iya karɓa yadda aka so, ko ya karɓi wani ya bar wani, ko ya juya shi gaba ɗaya. Baba bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin ya haɗiye labari daga tasha ɗaya ba. Yakan ce, "Mun ji ta bakin Landan, bari mu ji Jamus." Idan gwamnati ta ce farashin abinci ya sauka, sai ya dubi akwatin ya ce, "A wace kasuwar?" Idan an yi hira da ɗan siyasa, tambayarsa ta farko ita ce wa ya biya kuɗin filin. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma tun 1939 aka fara ta a Zariya da Abubakar Imam a kujerar edita. Mutanen da suka yi fiye da shekara tamanin suna hulɗa da kafofin labarai a harshensu ba baƙi ba ne a wannan fage. Abin da na lura dai shi ne, wannan taka-tsantsan da Baba ke yi wa Landan, mutanenmu ba sa yi wa muryar da ta zo musu ta waya da Hausar garinsu tana kuka.

Wani abin da ke damuna da karatun shi ne kusan duk ra'o'in a garuruwan Amurka da Ingila aka gina su, a kan mutanen da jarida ke iske su a ƙofar gida kowace safiya. Shi ya sa na ji daɗi ranar da aka kawo mana Frank Ugboajah, wanda ya koyar a wannan sashe namu, ya kuma dage cewa a Afirka dole a lissafa kafofin baka: mai shela, makaɗi, kasuwa, dandali. Mu a wurinmu sai in ƙara da lasifikar masallaci bayan sallar asuba, da sanƙira a wurin ɗaurin aure, da teburin mai shayi, da direban tirela. Kalmomin ma sai na yi ta laluben su. Duk daren da na koma gida nakan gwada faɗa wa Baba abin da aka koya mana da Hausa zalla, kuma na gane duk ra'in da na kasa faɗa masa, ni ma ban gama fahimtarsa ba.

A kan direbobin nan nake son in yi kundin kammala karatuna, kuma na riga na fara gwaji. Asabar ɗin da ta wuce na bi Baba kasuwa tun kafin kiran assalatu. Fitilun caji a rataye, ƙasa duk laka da ɓawon albasa, 'yan dako na ta kai da komo da buhu a ka. Motar da muke jira ta kwana uku a hanya daga Aliero. Direban na saukowa, tun bai wanke fuska ba, dillalai suka kewaye shi. Yaya hanyar Kontagora? An yi ruwa a gida? Mota nawa ka baro suna lodi? Tsakanin Mokwa da Jebba fa? Amsoshin da ya bayar a tsaye a jikin taya su suka yanke kuɗin buhu a wannan safiya, kafin a buɗe kowace tasha.

Baba ya kama hannuna ya kai ni gabansa ya ce, "Ɗana ne, ɗan jami'a. Ka gaya masa abin da ka sani, ba za a sa sunan kowa ba." Muka zauna a benci da kofin shayi, na kunna rikoda a waya, ya yi magana kusan minti arba'in. Ya faɗi shingayen hanya da abin da ake karɓa a kowanne, da yadda direbobi ke sanar da juna inda ba lafiya, da kanikawan Ogbomosho da ke fitowa cikin dare su gyara masa mota bashi.

Na kwana biyu ina tace muryar a kwamfuta, na mai da ita minti goma don in kai wa Malama. Daren Litinin na kunna wa Baba. Ya kashe akwatinsa, ya kara wayata a kunne, ya saurara har ƙarshe. Da ta ƙare bai miƙo mini ba. Ya ce, "Ina wurin da ya ce wasu dillalai kan ce masa ya tsaya a Ibadan ya kwana, don kaya su yi ƙaranci a nan kuɗi ya hau?"

Na ce, "Baba, na cire. Na ga kamar zai taɓa ku."

Ya ce, "Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Na ce ya faɗa.

"Ana yi ko ba a yi?"

Na yi shiru. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Mayar da shi." Na buɗe kwamfutar a nan kan tabarma, na nemo wurin a minti na ashirin da bakwai, na mayar. Ya sa na sake kunna masa daga farko.